Ingouf na Ƙarshe

Shafi na 19

Masu cewa na manta da ku, ban manta ba. Tuffa muke tsinka a ƙauye, hannun da ya wuni cikin kwando ba ya son waya. Ke kuma da kika rubuto layi bakwai kina zagin Baba Anselme, na karanta duka. Ki rage kaɗan ki ajiye.

*

Igiya ta yi ƙara, katako ya amsa, tsohuwar ƙararrawar cocin Carnebec ta sauko a hankali har ta zauna a kan gumagumai. Rabonta da ƙasa shekara ɗari da talatin da uku.

Solange Ingouf na gefe riƙe da bokiti da burushi. Ba son aikin coci ne ya kawo ta ba, babanta ne ya aiko ta.

"Ki wanke sunan kakanmu har ya riƙa ɗaukar ido," in ji shi da safe. "Baƙi za su ɗauki hoto."

Baba Anselme ke nan, shekara tamanin da ɗaya, talatin da biyar daga ciki ya ƙarar da su a bin diddigin suna guda. Ko mai kawo wasiƙa bai tsira ba, ya san cewa Ingouf daga Ingolf ya fito, wato kyarkecin Ing, gunkin mutanen arewa da suka sauka Normandi da dogayen jiragen ruwa shekara dubu da suka wuce, suka ƙona rabin ƙasar, suka zauna suka auri 'yan matan ɗaya rabin.

Jibi Lahadi kuwa masu sunan Ingouf ɗari biyu da goma sha huɗu za su taru daga Kanada, Jersey, Paris da inda duk iska ta watsa su. Za a rataye takardar salsalar da ya zana, sannan a yi wa sabuwar ƙararrawa baftisma, a sa mata farin leshi, a watsa wa yara alawa. Shi ne zai tsaya a matsayin uban baftismar ƙararrawa, don kakan babansa, Kyaftin Onésime, shi ne uban tsohuwar. Ga sabuwar can a gefe lulluɓe da zane, an riga an zuba sunansa a jikinta.

Duk masu zuwa suna cikin takardar nan har jarirai. Mutum ɗaya ce babu, Clémence, 'yar da Solange ta ɗauko tana wata takwas ta raine ta, ta ba ta sunanta. Yau shekararta ashirin da shida, ungozoma ce a Caen, katin shaidarta Ingouf yake cewa. Tsohon yana sonta, shi ya koya mata tuƙa kwalekwale. Amma duk sanda aka zo kan takardar sai ya ce, "Kati daban, jini daban." Wannan magana ta daɗe tana cin ran Solange.

"Madam Ingouf," Gaëtan mai zubin tagulla ya kira ta. "Zo ki ga wannan gefen. Shi ne ya jingina da bango, ina jin ko tattabaru ba su karanta shi ba, kashi kawai suka yi masa."

Ta zagaya. Rubutun gaban ta san shi, babanta ya hau hasumiya tun tana yarinya ya kwafo shi, yana nan cikin gilashi a falonsu: *An zuba ni a 1891. Ubana Onésime Ingouf, kyaftin.*

Ashe maganar ba ta ƙare a nan ba, ta bi ƙugun ƙararrawar ta zagaya baya.

Ta tsoma burushi ta goge. Harufa suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

*Na ƙarshen masu sunansa. Ba ɗa, ba jika namiji. Ku yi masa addu'a.*

Ta karanta sau biyu. Ta sake gogewa, kamar ruwa zai canja wani abu.

Salsalar gidansu ta haddace ta dole, kamar yadda ake haddace addu'ar cin abinci. Onésime ya haifi Victor a 1884. Victor ya haifi Auguste. Auguste ya haifi Baba.

To mutum na da ɗa mai shekara bakwai a gida, ya ce a zuba a tagulla cewa shi ne na ƙarshe?

"Gaëtan, ana yin kuskure a irin wannan rubutun?"

Ya dube ta kamar ta zagi uwarsa.

"Kuskure? Kowane harafi da kakin zuma ake liƙa shi, ɗaya-ɗaya. Mai abu ya zo ya karanta da idonsa kafin a rufe a zuba tagulla. Mu ba masu buga jarida ba ne, Madam."

"Wa ya ga wannan ban da mu?"

"Tattabaru."

"Rufa min shi da tamfol. Don Allah."

"Lafiya?"

"Ban sani ba tukuna."

*

Gwaggo Léontine, yayar babanta, tana tsallaken titi da gidansu. Shekara tamanin da tara, kunne ras, baki ya fi kunnen. Solange ta same ta a kicin tana fere tuffa.

"Gwaggo, sannu da gida."

"Kin shigo min da warin tattabara. Sun sauke ta?"

"Sun sauke."

"Kin wanke bayan?"

Solange ta tsaya cak, hannu a kan kujera. Ita dai ba ta ambaci wani baya ba.

Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekara biyu ina gaya wa fada, limamin cocin nan, a bar baiwar Allah a sama. Wai ta tsage. Ni ma muryata ta tsage, wa ya sauke ni?"

"Gwaggo, kin sani."

"Zauna. Tsayuwarki na tare min haske."

Ta zauna.

"Me ya sa Onésime ya ce shi ne na ƙarshe?"

"Don shi ne na ƙarshen. 'Ya'yansa maza biyu teku ta cinye su rana ɗaya. Matarsa ta bi su da baƙin ciki. Saura mace guda."

"Victor fa?"

"Miƙo min gwangwanin biskit ɗin can, na bayan garin fulawa. Ba wannan ba, mai hoton saniya."

Murfin ya yi tsatsa, sai da Solange ta sa bakin cokali. Ciki ƙyalle ne, cikin ƙyallen kuma wata 'yar sarƙa ta zare da ƙananan duwatsun ƙashi, ƙarama ƙwarai, ba wuyan da za ta shiga sai na yaro. A tsakiya 'yar lambar ƙarfe an buga mata 417. Inda bakin zaren ya haɗu an matse shi da dalma.

"Wannan fa?"

"Abin wuyan 'yan gidan marayu. A birni ake ɗaura musu kafin a raba su ƙauyuka raino. A matse yadda ba zai fita ta kai ba, don kada mai raino ta musanya yaro. Sai ya girma jami'i ya zo da almakashi ya cire ya tafi da abinsa."

"Ya aka yi wannan ya zauna a nan?"

"Dubi yankan. Almakashi ne wannan?"

Solange ta ɗaga shi wajen taga. Zaren a karkace aka datse shi, bakinsa duk ya tarwatse.

"Wuƙar kifi ce," in ji Gwaggo. "Ta Onésime."

"Ki ba ni labarin daga farko, don Allah, kar ki riƙa yanko min shi kamar cuku."

"Ji min yarinya. Shekara sittin da shida na riƙe shi, ke minti biyar ta gagare ki."

Ta ajiye wuƙar, ta share hannu a gaban riga.

"A ƙofar gidan marayu aka tsince shi, ranar waliyyi Victor, cikin watan Yuli. Magatakarda bai wahalar da kansa ba, ya rubuta Victor Juillet, sunan rana da sunan wata, ya tafi cin abinci. Mai dafa wa Onésime abinci ce ta karɓo shi raino. A kicin ya tashi, a ƙarshen tebur yake ci."

"Sai me?"

"Sai ranar baftismar ƙararrawa. Fada ya tsaya ya karanta rubutun da ƙarfi gaban gari duka, har da wannan na bayan. Onésime da kansa ya ce a rubuta, amma jin abin a bakin wani daban ne. Ya koma gida kwana uku bai ci komai ba. Rana ta huɗu ya shigo kicin, ya ce wa yaron, zo nan. Ya zaro wuƙa. Mai girki ta saka ihu, ta ɗauka yanka shi zai yi."

"Ya yanke abin wuyan."

"Ya yanke. Ya kama hannunsa har ofishin magajin gari, ya rantse cewa ɗansa ne da ya haifa a waje. Ya ɗora wa kansa abin kunyar da bai aikata ba, yana da shekara sittin, don dai yaron ya fito daga ofishin nan da suna. Da aka rataye ƙararrawa kuma ya sa aka juya wancan gefen bango."

Idon Solange ya kawo ruwa, ba ta san lokacin ba. Amma tambaya ta fi hawayen yawa.

"'Yarsa mace fa? Ina ta shiga?"

"Zélie? Ta yi aure nan bayan shingenku."

"Bayan shingenmu ai Mauger ne."

"Su ɗin."

"Désiré Mauger? Wanda Baba ke kira ɗan kabeji?"

"Jinin kyaftin ke nan zalla, ba gauraye."

Dariya ta ƙwace wa Solange, ta toshe baki.

"Ya sani?"

"Kakarsa ta sani, uwarsa ta sani, kya ce shi bai sani ba? Kowace Asabar babanki na tare shi a kasuwa yana masa karatun kyarkeci da jiragen arewa, shi kuma yana auna kabeji yana murmushi. Ba ki taɓa tambayar kanki murmushin mene ne ba?"

"Kuma Baba bai gano a takardu ba? Mutumin da ya tono wanda ya saci tunkiya a 1620?"

"Waɗanne takardu? Na lardi sun ƙone a yaƙi, na ofishin gari sun bi su. Abin da ya rage shafin farko na littafin addu'ar Onésime, shi kuma abin da ya ga dama ya rubuta."

"Ke wa ya gaya miki?"

"Kaka Victor da bakinsa. Ni na yi jinyarsa. Ya damƙa min wannan, ya ce kar ki faɗa sai wanda ya tambaye ki."

"Baba bai taɓa tambaya ba?"

Nan fa Gwaggo ta ɗago, ido ya yi ja.

"Babanki ya je Kanada. Ya je Ingila. Ya rubuta wa wani farfesa a Norway wasiƙa goma sha biyu. Bai taɓa tsallako titin nan ya ce Yaya, me kika ji a bakin tsofaffi ba. Wai ni na auri Lemarchand na zubar da sunan a ƙofar coci. To ya je ya tambayi Norway."

Solange ta naɗe abin wuyan cikin ƙyalle ta miƙe.

"Ina za ki kai shi?"

"Clémence na zuwa gobe. Ta ce min a bayan coci za ta zauna, tare da maƙwabta. Yarinyata ba za ta zauna a baya ba, Gwaggo."

"Kin san babanki kuwa?"

"Na san shi mana."

"Kina dai tsammani. Ja min ƙofa, iska na shigowa."

*

A rumfar matsar tuffa ta sami babanta, nan ne kaɗai ke da teburin da zai ɗauki takardar. Tsawonta mita shida. Ya danne kusurwoyinta da kwalabe, ya sa tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, yana ƙarasa wani reshe da alƙalamin tawada.

"Kin wanke?"

"Na wanke."

"Ya fito?"

"Ya fito sosai, Baba."

"Madalla. Zo ki ji yadda zan jero su ranar Lahadi. Zan fara da wanda ya riƙa zana hotuna a kan jan ƙarfe a Paris. Sai wanda ya haye Kanada da saniya ɗaya, yau jikokinsa sun cika bas biyu. Sai ungozomar da ta karɓi haihuwa ɗari tara ba ta iya rubuta sunanta ba. Ɓarawon tunkiya zan tsallake shi, ko kuma in faɗa da sauri. Sai in rufe da kyaftin, yadda ya shiga guguwa ya kwaso mutum goma sha ɗaya."

"Akwai wata ungozoma Ingouf da ke raye."

Ya sauke numfashi.

"Solange, kar mu sake."

"Sau ɗaya zan ƙara tambaya. Ga wuri nan ƙarƙashin sunana, ka bar shi fili. Ka rubuta ta."

"Yarinyar nan ina sonta fiye da idona, kin sani. Gonar tuffa tata ce in na mutu. Amma wannan takarda ta jini ce. Ba ni da ikon yi wa matattu ƙarya."

"To shi ke nan."

Ta warware ƙyallen a kan takardar, daidai sunan Victor.

Ta gaya masa. Bayan ƙararrawar, yara biyun da teku ta ci, kicin, wuƙar kifi, ofishin magajin gari, Mauger. Ba ta tsallake komai ba.

Ta zaci zai yi ihu, ko ya ce Léontine ta rikice. Ko ɗaya bai yi ba. Sai ya jawo gilashinsa na ƙara girman rubutu ya sunkuya a kan abin wuyan, kamar an kawo masa na wani gida.

"Dalma ce ta gaske," ya ce a hankali. "Ga hatimin lardi ma bai goge ba. Ɗari huɗu da goma sha bakwai. Victor me kika ce?"

"Juillet."

"Ranar waliyyi Victor, ashirin da ɗaya ga Yuli." Ya bi takardar da yatsa. "Ita ce ranar haihuwar da ke littafin addu'a. Daidai."

Ya cire tabarau ɗin goshi ya ajiye.

"Shekara talatin da biyar ina mamakin abu ɗaya. Haihuwar 'ya'yansa uku da baƙar tawada ya rubuta, hannu a tsaye. Ta Victor da wata tawada daban, hannu na rawa. Na ce ko a jirgi ya rubuta." Ya girgiza kai, har da ɗan murmushi. "Ashe tsufa ne. Ashe daga baya ya ƙara."

"Baba..."

"Kuma na hau hasumiyar nan. Na tsaya gabanta da fitila. Taku uku ya rage in zagaya, na ce ai na samu abin da na zo nema."

Tausayi ya kama Solange har ta ji kamar ta kwashe ƙyallen ta ce wasa take. Amma ta tuna Clémence a bencin baya, ta dake.

"Ka gani ko? Sunan nan ba jini ne ya kawo mana shi ba. Wani tsoho ne ya dubi yaron da ba shi da kowa ya ce zo nan. Abin da na yi ke nan, Baba, ban ƙara komai a kai ba. In Victor na da wuri, Clémence na da wuri."

Ya dubi filin da ke ƙarƙashin sunanta. A waje taraktar Mauger ta wuce tana tari.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Hukuncinsu ɗaya."

Ya tsoma alƙalami a tawada.

Zuciyar Solange ta yi fari ƙal. Har ta fara tunanin yadda za ta kira Caen, da kalmar da za ta fara faɗa.

Sai ta ga ya jawo rula.

Ya ɗora ta a kan sunan Victor, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe.

"Baba, me kake yi?"

Ya sauko kan Auguste, mahaifinsa. Ya ja.

Léontine. Ya ja.

"Baba, tsaya!"

Anselme. A nan ne tawada ta ɗiga, amma layin ya kai ƙarshe.

Ta riƙe masa hannu kafin ya kai nata.

"Ba wannan na ce ba! Cewa na yi ka ƙara, ban ce ka rage ba!"

"Mutum arba'in da ɗaya na cire daga takardar nan saboda dokar jini," in ji shi. "Da hannuna na rubuta musu. Wata mata a Jersey, shekararta saba'in, ta kira ni tana kuka, ta ce da sunan nan aka binne ubanta. Na ce mata ta yi haƙuri, ba ni na yi dokar ba. Ni na yi ta, Solange. A kan teburin nan na yi ta. Yau don ta zo kaina sai in ce ta tashi?"

"Ka mayar da su duka mana! Duka arba'in da ɗayan!"

"Matar ta rasu bara."

Ya zare hannunsa a hankali, ya ja layi a kan sunanta.

Solange ta bi reshen da kallo. Tun daga kyaftin har ƙasa babu sunan da ya rage tsaye, filin Clémence kuma yana nan yadda yake.

Tsohon ya rufe kwalbar tawada, ya goge bakin alƙalami. Ya nufi bango inda kayan aiki ke rataye, ya duba, ya zaɓo babban magagarin ƙarfe, wanda yake gyara haƙoran injin matsa da shi. Ya sa hula.

Ta tare ƙofa.

"Ina za ka da wannan?"

"Coci."

"Yin me?"

"An zuba a jikin sabuwar ƙararrawa cewa Anselme Ingouf jinin Onésime ne kai tsaye. Ni na karanta, ni na ce a rufe, ni zan kankare shi." Ya dube ta, hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Bas ɗin 'yan Kanada ƙarfe biyar zai iso. Matsa min, 'yata, tagulla tana da tauri."